Ranar da Barau Ya Taya Lakwal

Goggo Fadi ta san Mutari kamar yadda ta san kaskon suyar gyaɗarta: ta san gefen da yake saurin ɗaukar zafi, ta san gefen da sai an yi haƙuri da shi. Tun daga yaye aka kawo mata shi Magariya daga Guci, domin shi ne ɗan farin ƙanenta Barau, kuma a gidansu ɗan fari ba ya tashi a gaban ubansa. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa ido da ido, ko da zai ga ya nufi rijiya sai dai ya ce wa maƙwabci, "Wane, duba mini wancan." Ita kuwa Fadi ba ta da wannan kunyar. Ita ta goya shi, ita ta ja masa kunne, ita ta kai shi lakwal, wato makarantar boko, da ƙafarta a shekarun da wasu ke ɓoye nasu cikin rumbu in an zo ɗaukar yara.

Yaro ne na tsakiya. Ajinsu a kwaleji su arba'in ne, shi kullum na ashirin. In ya yi zuciya ya zo na sha tara, wata mai zuwa sai ya koma wurinsa kamar wanda ya manta takalmi a can. Ba a taɓa ba shi kyauta ba, ba a kuma taɓa aiko wa Fadi ta zo ta ji laifinsa ba. Abu ɗaya ne ya fi kowa a ciki, shi kuma ba a ba da maki a kansa: in akuya ta ƙi cin abinci a unguwar, shi ake kira, ya buɗe mata baki, ya latsa cikinta, ya faɗi abin da ta haɗiye.

Shekara biyu bayan babban farin nan da ya share garkunan shanu, aka yi jarrabawar birebe, wadda ake gama kwaleji da ita. Mutari ya shigo gida da hantsi, ya tarar da Fadi tana matsar mai a turmi.

"Nawa ka samu?" ta ce.

"Goma da rabi, Goggo. Cikin ashirin."

"To ka ci ke nan, ko ka faɗi?"

"Na ci."

"Da me?"

"Da rabin."

Ta ɗaga hannuwanta masu maiƙo ta yi wa rabin nan addu'a.

Sai ya zaro wata takarda daga kaye, littafin rubutunsa, ya ce ga inda aikin yake. Takardar zaɓi ce, layi uku, a kowane layi za a rubuta makarantar da ake so a wuce. Da ya ga ba ta gane ba, ya ɗebo ƙuli-ƙuli daga ƙwarya ya jera a faifai: babba guda, matsakaici guda, da wani ɗan ɓarɓashi.

"Wannan babban shi ne lise, babbar sakandare ta Yamai. Ɗalibai sun fi dubu, kuma sai mai sha uku zuwa sama suke ɗauka. Wannan na tsakiya lakwal ɗin kiwo ce a Maraɗi, su ɗari da ɗoriya ne, shekara uku a fito likitan shanu. Goma da rabi ta isa, in dai an nuna ana so tun farko."

"Ɓarɓashin fa?"

"Can arewa ne, gaba da Agadas. Su goma sha biyu. Awon ruwan sama ake koya."

"Ana ruwa a can?"

"Ba a yi, Goggo."

Ya bayyana mata yadda manyan da ke zama a Yamai suke rabon. Layin farko suke dubawa. In makinka ya kai, sun ba ka, an gama. In bai kai ba sai su sauko layi na biyu, amma kafin nan waɗanda suka sa wannan makarantar a farko sun cike ta. Wannan kam Fadi ta gane shi sarai, don ranar kasuwa haka take yi da mai: wanda ya fara miƙo kwalba shi ake cika wa, na baya ya lashi ludayi.

"In na faɗa tsakani ba wadda ta ɗauke ni, shi ke nan," in ji Mutari. "Shekaruna na takarda sun cika, ba maimaitawa. Sai in koma Guci in riƙe wa Baba igiya."

"Kai wacce kake so?"

Ya ɗauki na tsakiya ya jefa a baki.

Matsalar ɗaya ce. Takardar nan ba ta tafiya sai uba ya dangwala hannu a gaban darakta, kuma ranar Asabar motar wasiƙa za ta kwashe su zuwa Damagaram. Shi kuwa uban, Barau, dillalin shanu ne a kasuwar Guci, kuma tun kafin a yi jarrabawar ya riga ya gaya wa kasuwar kaf cewa yaron nan Yamai zai tafi, daga can ya dawo sufurefe, mai mulkin gunduma. Har abokinsa Habu ya riga ya roƙi a rage masa haraji in lokacin ya zo, Barau ya ce za a duba.

Ranar Alhamis ya sauko daga saman kamiyo, motar kaya, da babbar riga da sandarsa ta dillanci, wadda yake nuna dabba da ita. Bayan sun gaisa ya sha ruwa, ya dubi katanga ya ce, "Yaya, ina wannan?"

"Wane wannan? Gidan nan akwai turmi, akwai akuya."

"Kin san wanda nake nufi."

Mutari yana tsugune bai fi taku uku daga gare shi ba, kansa a ƙasa.

Fadi ta fara bi ta hanyar gaskiya. Ta jera masa ƙuli-ƙuli uku kamar yadda aka jera mata, ta ce yaron nan ƙarfinsa na tsakiya ne, a sa shi inda zai iya ɗagowa. Ta ce ko ɗan maraƙi in aka saka shi cikin garken bijimai a bakin rijiya, da ƙishirwa yake komawa gida. Barau ya saurare ta har ƙarshe, don yayarsa ce, sannan ya miƙa hannu ya cinye babban.

"Yaya, ke mai kika sani. Wannan harka ta manya ce. Na riga na faɗa a kasuwa."

"To ka koma ka faɗi wani abu."

"Ni? Shekara talatin ban taɓa sauya magana a kasuwar Guci ba."

"Ranar nan a gabana ka rantse kuɗin wata saniya ɗari biyu ne, la'asar ka rantse tsohuwa ce ba ta kai rabi ba."

"Wannan ba sauya magana ba ne. Da safe sayarwa nake, da la'asar saye."

Washegari da safe su uku suka tafi kwaleji. Barau a gaba, Fadi a tsakiya, Mutari a baya da bik na rubutu a aljihu. Darakta, Mushe Halilu kamar yadda ake kiran malaman lakwal, mutum ne siriri, ƙafar tabaronsa ɗaya da zare aka ɗaure ta, kuma duk Magariya an san shi da abu guda: ba ya iya ganin mutum cikin kuskure ya yi shiru. Ko a jana'iza ne in aka yi kuskuren lissafin shekarun mamaci sai ya gyara.

Ya ba Barau kujera, Fadi ta zauna a benci, Mutari ya tsaya jikin ƙofa.

"A rubuta Yamai," in ji Barau.

"A layi na biyu fa?"

"Yamai."

"Na uku?"

"In da sauran wuri, a ƙara Yamai."

Mushe Halilu ya cire tabarau ya goge. Ya ce ba a yin haka, takardar da aka maimaita suna a cikinta jefar da ita ake yi. Ya ɗauki alli ya je jikin wani ɗan allo da ke bayan teburinsa, ya ja layi uku, ya yi bayani daki-daki: abin da aka sa a farko shi ake fara dubawa, don haka mai hankali yana sa abin da yake so kuma yake iya samu a layin farko. Ya ce da goma da rabi, lise ta Yamai ko leƙa takardar ba za ta yi ba.

Fadi tana kallon fuskar ƙanenta, sai ta ga wani murmushi ya fara fitowa daga gefen gemunsa. Ta san murmushin nan tun yana yaro, shi yake yi in ya gano inda aka ɓoye nono.

"Haka suka ce a gaya mana?" in ji Barau.

"Haka doka take."

"Mushe, shekara nawa kana wannan aiki?"

"Sha ɗaya."

"To ni talatin ina tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ban taɓa ganin wanda ya shigo ya nuna san da yake so ya tafi da shi cikin daɗin rai ba. Da ka nuna, an gano ka. Ko a ce an sayar, ko a ce na gado ne." Ya miƙe, ya kama sandarsa, ofis ya koma masa kasuwa. "Ga yadda ake yi. Ka shigo, ka wuce wanda kake so ko kallonsa ba ka yi ba, in da hali ma ka tofar da yawu a gefensa. Ka tafi wurin ramammiya, wadda haƙarƙarinta ke ƙirguwa daga nesa, ka shafa ta, ka taya. Daga nan ka koma wurin ta tsakiya, ka ɗan taya. Sai ka kaɗe riga ka juya kamar za ka tafi, ka waiwayo ta kan kafaɗa ka ce, wancan fa, shi ma na sayarwa ne? A nan ake samun sa."

"Malam Barau, wannan ba kasuwa ba ce."

"Akwai kaya?"

"Akwai gurabe."

"Masu so sun fi kayan yawa?"

"Sun fi."

"To me ya rage?" Ya nuna allon da sanda, layi bayan layi. "A sa ta awon ruwa a farko. Maraɗi ta biyu. Yamai a can ƙasa, a rubuta ta ƙanana, kamar ba a damu ba."

Mushe Halilu ya dafe tebur. Ya ce shekara uku ke nan ba wanda ya nemi makarantar awon ruwa da kansa daga duk ƙasar Damagaram, turawa ake yi. In suka ga yaro ya sa ta a farko, hannu biyu za su karɓe shi, kafin tawada ta bushe.

"Madalla," in ji Barau. "Wadda ba wanda ya taya, ai da ita ake farawa." Ya dubi silin ya ce, "A gaya wa wannan ya rubuta."

Mutari ya zaro bik. Ba zai iya buɗe baki ya musa wa ubansa ba, balle a gaban darakta. Fadi ta hango shi shekara uku a cikin rairayi, zaune gaban gwangwani yana jiran ɗigon ruwa. Ta riga ta gwada gaskiya jiya an cinye mata ita. Darakta ya gwada doka yau, an mai da ita dabarar mai sayarwa. Sai ta gyara lulluɓi, ta yi dariya. Ba mai ƙarfi ba, irin wadda ake yi a hanci don mutum ɗaya ya ji.

Barau ya waiwayo. "Me ya ba ki dariya, Yaya?"

"Ba komai. Tsufa na gani."

"Tsufan wa?"

"A'a, ku ci gaba. Ni mai na sani."

"Faɗi abin da ke bakinki."

Ta yi kamar ba za ta faɗa ba, sannan ta ce, "Bara na kai awaki uku kasuwa. Wani ya zo da babbar riga irin taka, ya wuce jar akuyata yana kallon sama, ya je ya rungume gurguwa yana yaba ta. Tun daga nan na san ja yake so. Da ya juya ya ce waccan fa, na ce ta jikata ce, ba ta sayarwa ba. Sai da ya kusa yi mini kuka. Ni da nake mace mai ƙuli-ƙuli na gano shi, Barau. Wannan dabarar ko kajin kasuwa sun haddace ta."

Gemun Barau ya motsa. "Wancan bai iya ba ne."

"Ƙila. Mushe, takarda nawa mutanen Yamai ke dubawa a shekara?"

"Sun fi dubu biyu," in ji Mushe Halilu, don an tambaye shi.

"Dubu biyu. Kuma duk dillalan ƙasar nan suna da ƴaƴa. Da sun ga an rungumi ramammiya a layin farko, za su ce ga wani dillali nan, duba ƙasa ka ga abin da ya ɓoye."

Barau ya koma ya zauna a hankali. An taɓa shi inda yake ji. Ya sa haɓa a kan sanda, ya daɗe yana kallon allon.

"Baba ba haka yake yi ba," Fadi ta ƙara, kamar da kanta take magana.

"Yaya Baba yake yi?"

"Da ta tsakiya yake farawa. Ta tsakiya ba ta tona asiri. Mai sayarwa ba zai iya sanin ko da gaske kake ba, don mutumin kirki yana iya son ta tsakiya."

"Ni ban taɓa ganin ya yi haka ba."

"Ina za ka gani? Kana goye a bayana kana jiƙa mini zane."

Mushe Halilu ya shiga gyaran takardun da ba su karkace ba. Barau ya yi gyaran murya. Can ya buga sanda a ƙasa, idanunsa suka yi haske kamar shi ya haƙo maganar da kansa.

"Tsaya. In aka fara da ta tsakiya, sai a sauka kan ramammiya a layi na biyu, su ɗauka ƙarfinmu ne ya ƙare. Su saki jiki. Sannan Yamai a ƙasa." Ya dubi yayarsa da tausayi. "Ke rabin abin kika gani. A gaya wa wannan: Maraɗi, awon ruwa, Yamai."

Bik ɗin Mutari ya sauka kan takarda da saurin da bai taɓa yi a jarrabawa ba. Amma Mushe Halilu ya riga ya ɗaga yatsa. Fadi ta ga bakinsa ya buɗe, ta san ba abin da zai rufe shi, ko da ƙwaryar ƙuli-ƙuli guda za a tura ciki. Ta kuma san ƙanenta. Don haka ta riga shi.

"Mushe, don Allah sake gaya masa gaskiya, kada gobe ya ce ba a faɗa ba. Da ƙarfi."

Darakta ya miƙe tsaye, ya dubi Barau ta saman tabarau. "Malam Barau, ina gaya maka a gaban shaidu. In ka sa Maraɗi a farko, Maraɗi za a ba shi. Ba za a kai ga layin Yamai ba ko kaɗan."

Barau ya yi murmushin nan nasa har kunne. Ya kama hannun darakta da hannu biyu ya girgiza.

"Allah ya saka da alheri, Mushe. Aikinka kake yi. Ni ma in aka ba ni amanar saniya haka nake tsayawa a kanta."

Ya dangwala babban yatsa a tawada ya danna a takarda har sai da teburin ya yi ƙara.

A hanyar komawa Barau ya yi gaba don ya kama kamiyo. Mutari ya matso kusa da Fadi, murya ƙasa-ƙasa.

"Goggo, ba mu cuci Baba ba?"

"Wa ya yi masa ƙarya? Darakta ya faɗa masa sau uku."

"Maganar Kaka fa, ta farawa da ta tsakiya?"

"Tafi ka ɗebo mini ruwa, randa ta bushe."

Damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu, sannan aka ce ranar kaza za a karanta rabon makarantu a rediyo da azahar. Mutari yana Guci yana taya noma. Fadi ta rufe ɗakinta ta bi shi, ta ce gyaɗar iri za ta duba, alhali an gama shuka da wata biyu. Ba za ta bar shi ya tsaya gaban kasuwar Guci shi kaɗai ba.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa. Barau ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin gawon da dillalai ke zama, Habu ya kawo rediyonsa ya sa sababbin batura. Manoma, makiyaya, mahauta, har da masu wucewa suka taru. Fadi ta zauna can gefe wurin mata masu nono, inda take jin komai.

Da Faransanci ake karantawa, don haka Barau ya dubi reshen gawo ya ce, "A tambayi wannan abin da akwatin ke cewa."

"Sunayen lise ta Yamai ake yi," in ji Mutari, yana kallon ƙasa.

Sunaye suka yi ta zuba, na Dosso, na Tawa, na Damagaram. Mai karatu ya sha ruwa, ya juya takarda, ya shiga wata makarantar.

"An wuce Yamai," in ji Mutari.

"Ja suke yi," Barau ya gaya wa jama'a. "Mai kaya ba ya sallamawa a tayin farko. Ku jira."

Suka jira. Can akwatin ya ambaci Maraɗi, ya jero sunaye, sai ga shi tiryan-tiryan, wanda ba ya bukatar tafinta: Mutari Barau, Magariya.

Fadi ta dafa ƙwaryar wata mai nono. Mutari bai ɗago kai ba, amma ta ga kunnuwansa suna motsi, ta san murmushi yake ɓoyewa.

"Wace makaranta ce wannan?" in ji Habu.

"Ta kiwo," in ji Mutari. "Likitan shanu."

Habu ya kashe rediyo don kada batura su tafi a banza. Ya dubi Barau sama da ƙasa. "To, uban sufurefe. Harajin nawa a kan wace saniya za a rubuta shi?"

Dillalai suka kwashe da dariya. Barau bai yi ba. Ya juya a hankali, idonsa ya ratsa taron har ya sauka kan yayarsa. Fadi ta shiga tambayar mai nono ko na jiya ne ko na yau.

Sai wani tsohon makiyayi, Dauda, wanda fari ya bar masa shanu huɗu cikin sittin, ya turo kai gaba. "Likitan shanu kuka ce? Irin mai allurar nan da muke kwana biyu a hanya kafin mu same shi?"

"Irinsa," in ji Mutari.

"Namu na kanmu, ɗan Guci?" Dauda ya ajiye sandarsa ya kama hannun Barau. "Sufurefe ƙirga shanu yake sa a yi. Wannan kuwa tayar da su zai yi. Barau, in ya fito, ni ne na farko."

"A'a, garkena ya fi kusa da hanya," in ji wani.

Kafin a ce me, an kewaye Barau, kowa na faɗin ciwon dabbarsa. Fadi ta ga ƙanenta ya dubi hagu, ya dubi dama, ya auna inda kasuwa ta karkata. Shekara talatin ba wasa ba ce. Ya gyara wuyan riga, ya ɗaga sanda.

"Ku ba ku san ciniki ba," ya ce. "Wa zai zaci dillali ya sa abin da yake so a layin farko? A nan na ɓoye shi, a gaban idonsu."

Habu ya ce ai Yamai ya yi ta faɗa tun bazara. Barau ya ce to da me yake so ya rufe idon mutane, da ƙasa?

Da la'asar sakaliya ya shigo gida yana jaye da wata ƴar burgumar akuya baƙa mai farin goshi. Fadi na zaune bakin ɗaki tana tsince wake, Mutari na gefe yana wasa fartanya. Barau ya tsaya a kanta.

"Yaya."

"Na'am."

"Baba da ta tsakiya yake farawa?"

"Baba bai taɓa sayen ko kaza ba. Inna ke saye."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sunkuya ya ɗaure igiyar akuyar a turken da ke kusa da ƙafarta.

"La'adarki," ya ce. "Ba a cin haƙƙin dillali, ko da kai ya sayar."

"Ramammiya ka kawo mini ko ta tsakiya?"

"Wadda na wuce ban kalla ba."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya a ƙofar zaure, ya ba su baya. Ya yi gyaran murya sau biyu. Shekara goma sha bakwai ke nan ba shi da abin da zai kira yaron nan da shi sai wannan da wancan.

"Likita," ya ce.

Fartanyar ta tsaya. Mutari ya dubi Fadi, Fadi ta ci gaba da tsintar wake.

"Na'am, Baba."

"Jar saniyar nan tana ɗingishi tun shekaranjiya."

"Ai sai na yi shekara uku tukuna, Baba."

"Ita ba za ta jira ba. Taso."

Mutari ya ajiye fartanya ya bi bayansa. Ƴar akuyar ta miƙa wuya ta fara cin waken Fadi, ita kuwa ta ƙyale ta.